GURBIN DA KA BARI A BUƊE, WANI NE ZAI CIKA MAKA SHI

 

Yau faɗa muka zo yi, kuma da magana ɗaya muke faɗan, wadda ta zama ruwan dare a wannan zaure: "Ai wayar ce ta canza." Mutum zai ɗora labari mai shafi goma, a nuna masa ya rubuta kura a inda yake nufin ƙura, ko wata kalmar Turanci ta faɗo tsakiyar jimla kamar ƙuda a kwanon fura, sai ya ce wayar ce. Shi ke nan, ya wanke kansa. To mu a wurinmu wannan amsar ita ce babban laifin. Wa ya ba wayar izinin sa hannu a rubutunka? Idan ba ka ba ta ba, me ya sa ba ka hana ta ba? Sunan wa ke ƙasan labarin, naka ko na kamfanin da ya ƙera kibod ɗin?

Mu da muka zauna a ajin ilimin kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha mun san cewa wannan rigimar ba a kan marubuta aka fara ta ba. Masu rubuta manhaja sun shafe shekaru suna tafka ta a tsakaninsu, kuma sun kai ga matsaya. Ku ba mu aron hankalinku na ɗan lokaci mu kai ku can, domin abin da suka gano zai yi mana amfani fiye da yadda kuke zato.

RUMBUN DA KE RABA KAYA

Kowace manhaja, har da wadda kuke karanta wannan rubutu a cikinta, an gina ta ne da sassa masu yawa, kuma kowane sashe yana buƙatar wasu kafin ya yi aiki. Sashen da ke tura saƙo yana buƙatar sashen da ke ajiye lambobin mutane, yana buƙatar sashen da ke magana da intanet, wataƙila yana buƙatar sashen da ke rubuta tarihin abin da ya faru. A da, kowane sashe shi ke ƙera wa kansa abin da yake buƙata. Hakan ya sa sassan suka sarƙe da juna, idan aka taɓa ɗaya sai goma su lalace.

Sai aka fito da wata dabara: sashe ya daina ƙera komai, ya dai faɗi abin da yake so, wata manhaja ta musamman ta miƙo masa. Mu kira wannan manhaja rumbu, tunda a cikinta ake rajistar dukkan kayan, ita kuma ke rabawa. Masanin manhaja ɗan Ingila, Martin Fowler, shi ya raɗa wa dabarar sunan da aka san ta da shi a yau, a wata maƙala da ya fitar a watan Janairun 2004. Ma'anar sunan ita ce a ɗura wa sashe abin da ya dogara da shi daga waje.

Ƙofa biyu ce fitattu da rumbu ke bi ya miƙa kaya. Ta farko ita ce ƙofar gini. Tun kafin a gina sashen, akwai jerin buƙatunsa a rubuce a bakin ƙofa, kamar takardar kayan da birkila ke ba mai gida: buhun siminti kaza, bulo kaza, rodi kaza. Idan abu ɗaya ya yi ƙaranci, ginin ba zai fara ba, kuma nan take za a ji ƙara. Ta biyu ita ce ta gurabe. An riga an gama gina sashen, amma yana da wasu gurabe a buɗe a jikinsa, sai rumbu ya zagayo ya duba, duk gurbin da yake da abin da ya dace da shi sai ya cusa.

A wannan ƙofa ta biyu rigimar take. Akwai wani rumbu sananne a duniyar .NET ta kamfanin Microsoft mai suna Castle Windsor. Ɗabi'arsa ta asali ita ce ya cika duk gurbin da ya gani a buɗe ba tare da an ce ya cika ba. Idan yana da abin da ya dace, ya sa. Idan ba shi da shi, ya wuce shiru, bai ce wa kowa komai ba. Da farko abin da daɗi, don ya rage wa mai rubuta manhaja aiki. Daga baya sai matsala biyu ta bayyana. Ta ɗaya, ka yi rajistar wani abu yau saboda sashe guda, gobe ka tsince shi a gurbin wasu sassa ashirin da ba su nema ba, don kawai nau'insa ya yi daidai da ramin. Ta biyu ta fi muni: ranar da abin ya ɓace daga rumbu, babu gargaɗi. Manhajar za ta tashi lafiya lau, sai tana tsakiyar aiki a hannun mai amfani da ita ta lalubi gurbin ta tarar da wayam, ta faɗi.

Me suka yi? Castle Windsor ya tanadi wata alama mai suna DoNotWire da ake liƙa wa gurbi, ma'ana "kada ka taɓa nan", ya kuma ba da damar a tace gurabe tun wajen rajista. Wani rumbun mai suna Autofac ya bi ta ɗaya gefen: gurbi na yau da kullum ba ya taɓa shi sai ka kira umarnin PropertiesAutowired da hannunka, kuma kana iya gindaya masa sharaɗin gurabun da ka yarda ya shiga. Simple Injector shi ma ya ƙi cika gurbi sai an buɗe masa hanya da gangan. Da Microsoft ya fitar da nasa rumbun tare da ASP.NET Core a shekarar 2016, ƙofar gini ya dogara da ita wajen haɗa sassa, bai sa ɗurin gurabe a cikinsa ba. A duniyar Java kuwa, masu Spring da kansu suna ba da shawarar a bi ƙofar gini ga duk abin da sashe ba zai iya aiki sai da shi ba.

Ku lura da inda akalar ta karkata. Mutanen da sana'arsu ita ce sa na'ura ta yi abu da kanta, su ne suka ce a'a, akwai wurin da ba a barin na'ura ta yanke hukunci. Darasi uku suka fito da shi. Na ɗaya, ƙofa ta zauna a rufe sai an buɗe. Na biyu, gara ka lissafa wuraren da ka yarda a shiga da ka tsaya lissafa waɗanda ka hana, domin jerin hani ba ya ƙarewa. Na uku, kuskuren da ya yi ihu ya fi wanda ya yi shiru alheri.

RUMBUN DA KE ALJIHUNMU

Yanzu mu dawo gida. Wayar da mafi yawanmu muke rubutu da ita rumbu ce irin ta Castle Windsor, kuma da ƙofarta a buɗe aka sayar mana da ita. Kowace kalma da ka buga gurbi ce. Kibod ɗin yana duba ƙamus ɗin da ke cikinsa, idan na Turanci ne, sai ya ga "sai" ta yi kama da "said", ya ga "da" ta yi kama da "day", ya musanya ba tare da ya tambaye ka ba. Ba mugunta yake yi ba. Abin da aka gina shi ya yi ke nan: ya ga rami, ya cusa abin da ya fi kusa. Laifin yana kan wanda ya san Hausa yake rubutawa ya bar ƙamus ɗin Turanci yana gadin ƙofa.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya. A idon kwamfuta, k da ƙ ba 'yan uwa ba ne. A tsarin Unicode, lambar k ita ce 006B, ta ƙ kuwa 0199, ta ɗ 0257, ta ɓ 0253. Haruffa ne mabambanta kamar yadda m da n suke. Kibod ɗin da babu ƙ a kansa, duk inda ka so ƙ sai ya ba ka k, kuma ba zai ja jan layi a ƙarƙashi ba. Wannan shi ne kuskuren da ke shiru. Ka rubuta cewa an ɗaure mutum, mai karatu ya ga an daure. Ka ce yarinya ta ɓata, ya ga ta bata. Ka ce ta yi ɓari, ya ga ta yi bari. Ƙafa ta koma kafa, ƙaya ta koma kaya, ƙasa ta koma kasa.

Mun san amsar da ke tafe: "Ai ana ganewa." Eh, Bahaushen da ya tashi da harshen yana ganewa sau da yawa, amma da guminsa yake ganewa. Kai ka yi lalaci, shi ya yi aikin. Duk lokacin da mai karatu ya tsaya ya koma baya don ya tantance ko kura ce ta tashi ko ƙura, ya fita daga cikin labarinka, kuma ba kowa ke komawa ba. Ka tuna kuma da yaron firamare da ke koyon karatu, da Bahaushen Gana ko Sudan da Hausarsa ta sha bamban da taka, da wanda ya koyi harshen a jami'a. Su ba su da abin da za su cike gurbin da shi sai abin da ka rubuta.

Waɗannan ƙugiyoyi ba daga sama suka faɗo ba. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu ƙugiya da muke amfani da su. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980, duk don a daidaita rubutun nan. Mutanen da suke jera harafi ɗaya bayan ɗaya da dalma sun samo wa ƙ da ɗ da ɓ wuri a injin bugu. Mu da harafin ke ƙarƙashin ɗan yatsanmu, mu ne za mu ce ya yi mana wahala?

ƘANƘARA, FASKARI, SABUWA

Wani zai ce duk wannan ƙananan abubuwa ne. To bari mu kai maganar inda ta fi ciwo.

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashi ɗalibai. Ranar 17 ga watan aka sako su, gwamnati ta ce su 344 ne. A cikin wannan mako guda sunan garin ya zagaya duniya, daga Ingila har Amurka, kuma ya zagaya ne babu ƙugiya ko ɗaya. Jaridun Turanci suna da uzuri, babu harafin a harshensu. Marubucin Hausa da ya rubuta sunan garin nan da k biyu, mene ne nasa uzurin? A Hausa kankara aikatau ne na goge abu da ƙarfi har ya fita. Garin da aka kwashe wa 'ya'ya, sai mu kuma mu kankare masa suna?

Sabuwa kuma tata matsalar daban ce. Sunan ƙaramar hukuma ce mai iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, amma kuma kalma ce ta yau da kullum, kishiyar tsohuwa. Injin fassara ba ya zuwa kasuwa, bai san hanyar Funtuwa zuwa Dandume ba. Lissafi yake yi na abin da kalma ta fi yawan nufi. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a Disamban 2013, Facebook ma yana fassara rubutun mutane da kansa ga wanda bai hana shi ba. Idan ka rubuta "mutanen Sabuwa sun kwana a daji" ka fara sunan da ƙaramin harafi, ka buɗe wa injin ƙofar ya mai da su wasu sababbin mutane marasa gari. Ƙauyukan Faskari irin su 'Yankara da Sheme da Daudawa da Mairuwa kuwa, babu ƙamus ɗin Turancin da ya san da zamansu, don haka duk sanda ka buga su kibod ɗin yana ganin kuskure ne da ya kamata ya gyara.

Me ya sa wannan ya dame mu? Domin yankin nan yana cikin shekarun da za a daɗe ana tambayar me ya faru a cikinsu. Wa ya gudu, daga wane ƙauye, zuwa ina? Wace kasuwa ta daina ci? Wace gona aka bari ta zama saura? Jaridu suna kawo adadi su wuce. Abin da zai rage shi ne abin da 'ya'yan yankin suka rubuta, a gajeren labari, a waƙa, a tarihin rayuwa. Duk mai rubuta irin wannan shaida ce yake bayarwa, kuma shaidar da aka bar na'ura ta sauya wa sunan gari ta raunana tun kafin a saurare ta.

Akwai kuma bakin mutanen. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, kuma a wannan shiyya za ka ji tsoho ya ce zamna, ya ce amre, ya kira 'yarsa ɗiya. Idan ka sa wannan a bakin tauraron labarinka, da gangan ka sa, don mai karatu ya ji daga inda mutumin ya fito. Kibod mai ƙamus ɗin Hausa ma, idan ka bar masa gyaran kai-tsaye a kunne, yana iya ɗaukar irin waɗannan kalmomi a matsayin kuskure ya jawo su zuwa daidaitacciyar Hausa. Sai ka wayi gari dattijon Faskari yana magana kamar mai karanta labaran rediyo. Daidaitacciyar Hausa tana da muhallinta, a bakin mai ba da labari. Amma kai ne za ka zaɓi inda za ta tsaya.

RANAR DA RUMBU YA YI SHIRU

Ku tuna matsala ta biyu da masu manhaja suka gano: ranar da abin ya ɓace daga rumbu, babu gargaɗi. Mutanen wannan yanki sun ga irinta da idonsu. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, kuma Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki. An shafe watanni babu sabis. Sai mutum ya hau mota ya yi tafiya kafin ya kira ɗan uwansa.

A irin wannan hali, marubucin da ƙa'idar rubutu ke kansa bai rasa komai ba sai masu karatu na ɗan lokaci. Biro da littafi sun ishe shi. Wanda kuwa ya saba komai sai ya tambayi intanet, fassara a can, gyara a can, har ma ci gaban labari a can, shi ne sashen da ya lalubi gurbinsa ya tarar da wayam. Abin da ka dogara da shi ba tare da ka sani ba, ranar da ya ɓace za ka san ka dogara da shi.

Wannan ya kawo mu ga sabon baƙo, manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta wa mutum shafi guda cikin ƙiftawar ido. Yadda suke aiki shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da su da shi. Su ne rumbu mafi girma da aka taɓa ginawa, kuma ba sa barin gurbi a buɗe. Ka ce su siffanta maka wani ƙauye a Faskari, za su ba ka ƙauye mai bukkoki da rijiya da bishiyar kuka, wanda zai iya zama a Maraɗi ko Daura ko ko'ina. Idan ba su san abu ba, sau da yawa ba sa yin shiru, sai su cusa abin da ya yi kama da gaskiya. Abin da ke sa labari ya rayu kuwa shi ne abin da ba a zata ba, wanda sai wanda ya zauna a wurin ya san shi: wace rana kasuwa ke ci, me ake shukawa bayan an cire masara, da wace kalma ake gargaɗin juna idan an ji ƙarar babura da dare. Wannan gurbin naka ne kai kaɗai.

RUMBUN DA KE CIKIN KAI

Kada wanda ya kashe gyaran kai-tsaye ya ɗauka ya tsira. Akwai rumbun da ba a saye shi da kuɗi ba, yana cikin kan duk wanda ya karanta littattafan intanet ɗari. Ka buɗe gurbin jarumi, sai ya cuso maka matashin attajiri miskili da ya yi karatu a Landan. Ka buɗe gurbin jaruma, sai ga fara doguwa mai gashi har gadon baya. Gurbin gida, katafaren gini a Abuja. Gurbin kishiya, boka. Marubucin bai zaɓi ko ɗaya ba, rami ne ya buɗe, abin da ya fi kusa ya faɗa. Shi ya sa za ka karanta labari biyar ka rasa wanne ne wanne.

Yarinyar da ta tashi a Sabuwa tana da abin da babu wanda yake da shi a Kano ko Kaduna, amma sai ta kai labarinta Maitama inda ba ta taɓa kwana ba. Ba muna cewa kowa sai ya rubuta 'yan bindiga ba. A rubuta soyayya, a rubuta barkwanci, a rubuta rikicin gado. Amma a bi ƙofar gini: kafin ka fara babi na ɗaya, rubuta buƙatun labarinka a takarda. Wane gari? Wace shekara? Me jarumin ke ci da shi? Wace irin Hausa ke bakinsa? Me yake tsoro? Idan ka kasa amsa ɗaya, kada ginin ya fara. Gara labarin ya tsaya a hannunka da ya faɗi a hannun mai karatu.

ABIN DA BA MU CE BA

Ba mu ce a jefar da waya a koma allo da tawada ba. Masu manhajar ma ba su haramta ɗurin gurabe kwata-kwata ba. Suna barinsa ga abin da ba dole ba, irin sashen rubuta tarihin aiki, wanda ko babu shi manhaja za ta yi tafiyarta. Haka mu ma. Layin shawarwari da ke saman kibod yana da amfani, domin nuna maka yake yi, kai ke dannawa. Babban harafi a farkon jimla, a bar na'ura ta sa, ba ta cika kuskure a nan ba. Injin fassara yana taimakon mai son ya fahimci takardar Faransanci daga Nijar. Bambancin yana tsakanin na'urar da ke miƙo maka abu ka karɓa ko ka ƙi, da wadda ke sa maka a aljihu ba ka sani ba.

Masu cewa ƙaramar waya gare su ko kuɗin data ya yi tsada, mun ji, kuma gaskiya ne rayuwa ta yi tsada. Sai dai kashe gyaran kai-tsaye ba ya cin ko sisi. Sauke harshen Hausa a kibod sau ɗaya ake yi. Wanda ke da datar ɗora babi talatin a WhatsApp yana da ta wannan.

ABIN DA MUKE NEMA A WANNAN ZAURE

Na ɗaya: kowa ya shiga saitin kibod ɗinsa yau, ya ƙara Hausa a jerin harsuna. Gboard yana da ita, SwiftKey yana da ita, Windows ma yana da tsarin kibod na Hausa ga masu kwamfuta. Akwai kuma Keyman, kyauta ce.

Na biyu: a sashen gyaran rubutu, a kashe gyaran kai-tsaye, a bar layin shawarwari. Masu rubutu a Microsoft Word su ma su shiga saitin gyaransa su rufe abin da ba su nema ba.

Na uku: a buɗe ƙamus na kai da ke cikin kibod, a zuba sunayen garuruwa da na taurarin labari da kalmomin karin harshen da ake amfani da su. Wannan shi ne jerin waɗanda ka yarda su shigo.

Na huɗu: kafin a kai littafi wurin bugu ko a mai da shi PDF, a duba zubin harafin da aka zaɓa. Idan babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa, kwamfuta za ta aro su daga wani zubin ba tare da ta faɗa ba, su fito a karkace kamar baƙi a taron biki, ko su zama ƙananan akwatuna. Charis SIL da Gentium da Andika da Noto duk suna da haruffanmu, kuma kyauta ne.

Na biyar: duk wanda ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a wani mataki na rubutunsa, ya faɗa a ƙasan rubutun, ya kuma faɗi gurbin da ya ba ta. Sunan gari, kwanan wata, adadin mutane da maganar da aka sa a bakin wani, waɗannan a liƙa musu alamar "kada ka taɓa nan".

Na shida, wannan roƙo ne ga shugabannin zaure: a daina karɓar "wayar ce ta canza" a matsayin amsa. Wanda aka yi wa gyara ya gode ya gyara. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Mun san akwai waɗanda za su ce mun cika tsanani, rubutu ai baiwa ce, ƙa'ida ta malaman jami'a ce. Muna jiran hujjarsu a ƙasa, kuma za mu amsa ɗaya bayan ɗaya cikin mutunci. Amma ga aikin wannan mako ga kowa da kowa, har da masu adawa: rubuta sakin layi ɗaya, kalma 150, a kan kasuwar garinku ko ƙauyenku, da sunanta na gaskiya da ranar da take ci, da jimla ɗaya a bakin wani dattijo yadda yake furta ta. Ka kashe gyaran kai-tsaye kafin ka fara. Ka karanta da babbar murya kafin ka ɗora. 'Yan uwanmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ku muke so ku fara.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, ya kawo mana zaman lafiya a yankunanmu. Sai mako mai zuwa idan mai dukka ya kai mu.